Yadda Aka Tara Mana Masu Zuciya a Bayan Auyo

Kano

Tun ladan bai gama gyaran murya ba na fito daga gida ranar Juma'a, jaka a kafaɗa, na nufi inda muka yi da direba zai ɗauke mu. Ga wanda bai san mu ba, mu ne ma'aikatan nan na asibiti da ke liƙa wa mutum wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a doguwar takarda, mu miƙa wa likita ya karanta. Muna da ƙungiya, kamar kowa a ƙasar nan, ni ne kuma sakataren reshenmu, wato mai ɗaukar kujeru kafin taro, mai ɗaukar laifi bayan taro. A zaman da ya wuce aka yanke cewa bana za mu fita gwaji kyauta a karkara, aka zaɓi fadamar Haɗejiya. Ranar da aka yanke ɗin, hannuwa sun tashi kamar za a raba nama. Da asubar nan kuwa mu uku muka bayyana.

Akwai ni, akwai Hajiya Talatu mataimakiyar shugaba, wadda za ta duba mata, sai Ciyaman da kansa, Alhaji Garba. Shi ya kafa reshen, shi ya koya wa rabinmu aiki, ya kuma zagi dukkanmu ba tare da nuna bambanci ba. Mutum ne mai kirki, sai dai kirkin nasa da tsawa yake fitowa. Ga shi zaɓe ya matso, yana neman tazarce, don haka ya sa aka buga mana huluna masu tambarin ƙungiya da ƙyalle mai hotonsa, wanda ya fi na'urar da za mu yi aikin da ita girma.

Ni kuwa da wani aiki na daban a cikina. Ranar Laraba uwargidan Ciyaman ta kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wata da watanni ke nan Alhaji ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, ƙafafunsa suna kumbura, in ya taka daga masallaci zuwa gida sai ya dafa bango. Ta yi magana, 'ya'ya sun yi, ya kusa cinye su ɗanye.

"Nasiru," in ji ta, "ku da kuke auna na duniya, don Allah ku auna min nawa. Kada ku dawo ba ka ga takardarsa ba."

Na amsa mata da to, don ba a ce wa babba a'a a waya. Amma na san sa wa Ciyaman waya a ƙirji ya fi ƙarfin sakatare.

Gezawa zuwa Gujungu

Gari na wayewa muka wuce Gezawa. Nan na fara gwada sa'ata. Na ce na'urar ta daɗe a ajiye, ko za mu gwada ta a jikin wani babba kafin mu isa, kada ta ba mu kunya. Ciyaman ya juyo daga gaban mota ya dube ni, ya ce in ina son gwaji in kwanta da kaina, shi kuma ya fara auna ƙwaƙwalwata. Hajiya Talatu ta rufe baki da mayafi.

Kafin Ringim muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani ya leƙo ya ga akwatuna, ya tambayi abin da ke ciki. Direbanmu, Ɗanliti, ya ce kayan duba zuciya ne. Jami'in ya ce shin yana nuna in mutum yana ƙarya? Kuskurensa ke nan. Ciyaman ya gyara zama ya ɗauko masa tarihin ƙungiya tun daga kafuwa, da bitocin da muke shiryawa, da yadda muke fafutukar a daina kiran mu "masu waya". Bawan Allah ya ɗaga ƙarfen shingen da kansa, yana yi mana fatan sauka lafiya tun jawabin bai kai rabi ba.

A Gujungu muka karya da shayi da ƙosai. Daga mota zuwa teburin mai shayi bai fi tsallaka titi ba, amma da Ciyaman ya zauna, na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ya kasa amsa gaisuwar mai shayi. Ya fake da duba waya. Na dubi Hajiya Talatu, na tarar ita ma shi take kallo. Shayin bai yi min daɗi ba.

Haɗejiya

Mun shiga gari kafin a tafi masallaci. Bayan Juma'a muka zauna da 'yan ƙungiya na can, waɗanda in suka shiga a-daidaita-sahu ɗaya za a samu sauran wuri. Sun karɓe mu hannu bibbiyu, suka ajiye mana soyayyen kifi da tuwon shinkafa. Duk wanda ya ce muku ya ci kifi alhali bai zo Haɗejiya ba, ku yi masa uzuri kawai. Ciyaman ya raba huluna, ya yi jawabi a kan ɗa'ar aiki, ya yi alkawarin kawo musu bita, bai ambaci zaɓe ba sai sau da yawa.

A masauki aka ba shi ɗakin bene, wanda ya fi kowane kyau. Ya tsaya a gindin matakala ya kalle ta, sai ya hau mai masaukin da faɗa, wai an gaya masa famfon sama ba ya kawo ruwa, shi ba zai kwana can ba. Aka ba shi na ƙasa kusa da janareto, aka tura ni saman. Na murɗa famfo, ruwa ya zubo har ya jiƙa min riga.

Auyo da tsallaken ruwa

Asabar da safe muka kama hanyar Auyo. Dama da hagu shinkafa ce iya ganinka, mutane tsamo-tsamo cikin ruwa suna aiki, babura suna wucewa da buhuna da mutum a kan buhunan. Inda mota ta ƙare muka hau babura, inda babura suka ƙare muka shiga kwale-kwale. Ɗanliti ya ce shi lasisinsa na tudu ne, zai jira mu. Tun daga gaɓa zuwa gaɓa Ciyaman yake yi wa mai tuƙi tsawa kada ruwa ya taɓa na'ura. Sai da muka sauka mutumin ya tambaye ni a hankali ko shi ma Alhajin kawo shi muka yi. Ban gane ba a lokacin.

Ƙauyen

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanen kirki ne. Bulama, wato mai garin, ya tarbe mu a harabar makarantar firamare, ya ce jama'a sun taru tun hantsi. Sun kuwa taru. Sai dai taron ya ban mamaki. Kusan kowa da mai riƙe da shi, kuma ba wanda ke dariya. Ga wani ƙato, ƙannensa sun sa shi a tsakiya. Ga wata dattijuwa tana harare-harare, surukarta tana ba ta haƙuri. Can gefe wasu biyu har sun fara cacar baki a kan inuwa. Ba wanda ya yi kama da marar lafiya, duk sun yi kama da waɗanda aka kawo ƙara.

Hajiya Talatu ce ta tambayi wata mata me ke damun mijinta. Matar ta ce ai ba a taɓa shi, ko miya ta yi gishiri sai kwano ya tashi sama. An ce masu maganin zuciya sun zo daga Kano, shi ya sa ta lallaɓo shi.

Aka nemo mai shela. Ya ce saƙon da Bulama ya ba shi daga bakin Ciyaman shi ne a tara masu ciwon zuciya. To shi ya duba ya ga in ya faɗi haka, garin kaf zai fito, don tun da ambaliya ta cinye shinkafa bara ba gidan da babu ciwon zuciya. Sai ya taƙaita mana aiki. Ya zaga ya ce duk mai zuciya, ko wanda ke da mai zuciya a gida, ya kawo shi a duba. Haka aka tsamo mana mafaɗatan gari ɗaya bayan ɗaya, aka jera mana su a rana.

Ni dai na juya baya ina dariya har hawaye. Ciyaman bai ga abin dariya ba. Ya cire hular ƙungiya ya buga da ƙasa, ya wanke mai shela tas, ya haɗa da ni da ban tantance saƙo ba, ya taɓo Bulama kaɗan, ya koma kan waɗanda suka ɗaga hannu a Kano suka ƙi zuwa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Masu zuciyar gari suka tsaya suna kallo, irin kallon da ɗan koyo ke yi wa gwani.

Cikinsu akwai wani tsohon masunci, Baba Maina, wanda 'ya'yansa suka kawo da dabara, wai zuwa ɗaurin aure. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Alhaji," in ji shi, "shekarata saba'in ana ce min mai zuciya, yau na ga ubangidana. Ba wanda zai kwanta a gadon nan sai ka fara. In injin ya iya da kai, zai iya da mu."

Jama'a suka amsa da haka ne. Bulama ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Ciyaman ya dubi taron, ya dubi ƙyalle mai hotonsa da muka rataya, ya ga in ya ƙi, mun tsallaka ruwa a banza, labari kuma zai riga mu isa Kano. Na yi maza na shimfiɗa zane a kan benci cikin aji kafin ya sake shawara. Da zan iya, da na sumbaci hannun Baba Maina.

Ciyaman ya kwanta yana mita, yana gyara min inda zan liƙa kowace waya. Na danna, takarda ta fara fitowa. Dariyar da ta rage min ta tafi. Bugun yana gudu, kuma ba ya bin ƙa'ida, nan kusa da kusa, can da tazara, kamar mai tafiya a duhu yana tuntuɓe. Ba sai mutum ya zama likita ba kafin ya san wannan ba ta ajiyewa ba ce.

A aikinmu akwai doka, shi ma Ciyaman ne ya sa aka rubuta ta cikin ƙa'idojin reshe. Mai gwaji ba ya faɗa wa mutum abin da ya gani, ba ya kuma bari fuskarsa ta faɗa. Na daidaita fuskata iya iyawata. Ya tambaye ni yaya. Na ce, "Yallaɓai, likita zai yi maka bayani."

Ya daɗe yana kallona. Bai nemi takardar ba. Ya tashi ya ɓalle wayoyin da kansa, ya sa riga, ya fita ya ce wa jama'a sun gani ba zafi, na gaba ya shigo.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa likitan da muka yi da shi zai riƙa duba mana daga Kano. Ban gama sa waya a aljihu ba ya kira, ya ce ko waye wannan, a kawo shi yau. Na gaya wa Ciyaman a gefe. Ya ce mutane sun bar gonakinsu sun zo, sai an gama. Ya samu gindin bishiya ya zauna, ni da Hajiya Talatu muka yi aikin da saurin da ban san muna da shi ba. Mun samu masu hawan jini da ba su san da shi ba, muka haɗa su da asibitin Haɗejiya. Baba Maina kuwa likita ya ce zuciyarsa garau take, ya tafi yana zagin 'ya'yansa da sabon ƙarfi.

Komawa

Bayan azahar muka tsallako. A kwale-kwale ruwa ya fantsamo kan akwatin na'ura, Ciyaman yana gani ya kau da kai. Tun daga Auyo har Gujungu ba wanda ya yi magana, Ɗanliti ma ya kashe rediyo. Ban taɓa zaton zan yi kewar zagin mutumin nan ba, sai ga ni ina addu'a ya zage ni ko sau ɗaya.

Mun shigo Kano rana ta yi ja. Da muka zo kwanar gidansa ya ce wa Ɗanliti ya miƙe asibiti. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna kafin ya sauka, na ji hannun da sanyi. Ya ce kada in ɗauka bai sani ba, tun bara yake dafa wuyan hannunsa yana jin yadda zuciyar take yi.

"Gari guda sun taru sun ce ina da zuciya," in ji shi. "Da ina da ita, Nasiru, ai da tuni na kwanta an gwada ni."

Aka ba shi gado a ranar. Sai da iyalinsa suka iso na tafi, na samu gida lafiya, alhamdulillahi. Shi ya ce in rubuto muku rahoton nan kada in rage komai, har hular da ya buga da ƙasa. Godiyarmu ga 'yan uwa na Haɗejiya da kifinsu, da Bulama, da Baba Maina, da mai shela, wanda ya gyara mana saƙo ba mu roƙe shi ba, Allah ya saka musu da alheri. Likitoci sun ce an zo a kan lokaci, yana shan magani. Ku sa shi a addu'a. Na je duba shi jiya, ma'aikatan ɗakin suna ta yabon haƙurinsa, na fito waje na share ido.