Wankan Goggo da Ƙafafun Haidar

Ko da zan manta sunana, ba na jin zan manta da Talatar da aka kawo mana jariri yana ƙamshin hayaƙin gawayi kamar an ɗauko shi daga wajen mai balangu. Ku sababbin shiga, ku gyara zama. Ni Zuwaira da idona na gani, kuma da ƙafata na je.

Lokacin na gama sakandare ke nan ina jiran sakamako. Mamana ta ce idan na ƙara wata guda a gida, ko dai ta haukace ko maƙwabtanmu na unguwar Ɗan Iya su tashi, sai ta roƙa mini aikin taimako a wannan asibitin. Aka sa ni ɗakin ɗori, ƙarƙashin Sista Rifkatu. Muƙamina shi ne na ƙarshe a duk ginin: akwai likita, akwai Sista, akwai mai shara, akwai bokiti, sannan ni. Aikina in jiƙa bandeji, in riƙe cinya, in yi wa jarirai gwalo har su manta da kuka.

Talata ce ranar yara masu murɗaɗɗiyar ƙafa. Ga wanda bai sani ba, akan haifi jariri tafin ƙafarsa ya juya ciki, dunduniya ta ɗage sama, ƙafafun na kallon juna kamar masu gulma. Ba aljani ba ne, ba kuma uwa ce ta tsallake wani abu ba; jijiyoyin ne suka gajarta tun a ciki. Yawanci ƙafar kaɗai abin ke shafa. Akwai irin da ba a cika gani ba, wanda ke zuwa tare da matsalar ƙashin baya ko sandarewar gaɓoɓi, shi ya sa likita ke kifa kowane jariri ya duba bayansa kafin a fara komai.

Gyaran kuwa ba na ƙwaya ba ne. Jikin jariri da taushi yake, sai Sista ta lallaɓa ƙafar da hannu ta ɗan juyo ta, a naɗe da auduga da bandeji mai farin gari tun daga yatsu har cinya. Idan ya bushe sai ya yi tauri, shi ya sa mutane ke ce masa siminti. Bayan mako a cire, a ƙara juyo ƙafar, a sa sabo. Babbar dokar ɗaya ce: kada ruwa ya taɓa shi.

A farkon daminar bara aka kawo mana Haidar, ƙafa biyu duk a murɗe. Uwarsa Asma'u, shi ne ɗanta na fari, kuma tana wankan jego a gidan iyayenta a Ƙofar Dumi. Kun san kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, sai dai “yaron nan”, tana riƙe shi kamar kayan aro. Sista ta yi mata bayanin ruwa dalla-dalla, ita kuwa ta yi ta gyaɗa wa ƙasa kai. Muka ce ta fahimta.

Mako na zagayowa simintin ya dawo lugub kamar biredin da ya faɗa shayi. Ya zame ƙasa har yatsun yaron sun ɓace a ciki.

“Asma'u, ruwa ya taɓa shi?” in ji Sista.

Asma'u ta kalli ƙasa. Ƙasa ba ta ce komai ba.

Muka sa sabo, muka maimaita wa'azi. Sai ga Talatar da na fara ba ku labarinta. Simintin ya dawo fari tas, har ya fi yadda muka sa shi fari, amma yana tashin hayaƙi da sabulun salo. Sista ta shinshina, ta ƙanƙara da farce, sai ɓawo ya faɗo.

“Ikon Allah,” ta ce. “Zuwaira, zo ki gani. Wani ya yi mana yaɓe.”

Farar ƙasa ce, irin ta shafen ɗaki, an bi duk inda ya tsage an lailaye. Wallahi ko magini sai ya tafa. Na fara dariya, amma da muka cire sai dariyar ta maƙale. Dunduniyar hagu ta yi ja ta fara salewa, ƙafar kuma ta koma inda ta fito, har ta ƙara kumbura. Likita ya shigo ya duba ƙafar sosai. Daga baya ya ce siminti mai zamewa ya fi rashinsa illa, don yana matse ƙafa a inda bai kamata ba. Za a bar fatar ta huta kaɗan a sake gwadawa. Idan na gaba ma ya lalace, dole a dakata, kuma ƙarshenta sai babbar tiyata idan ya girma, wadda kan bar ƙafa a sandare. Idan ba a yi komai ba kuwa, da gefen ƙafa zai yi tafiya duk rayuwarsa.

Asma'u ta juya baya tana share ido da mayafi. Ko a nan ba ta yarda mun ga tana yi wa ɗan fari kuka ba.

Bayan kwana kaɗan fatar ta warke aka sa na uku. Da za a tashi aiki Sista ta kira ni.

“Ke da bakinki ba ya rufuwa, yau zai yi amfani. Je ki gidan ki gaishe su. Gaisuwa na ce, Zuwaira, ba hukunci ba. Ki gano wa ke yi mana yaɓe.”

Keke Napep ya ajiye ni a bakin lungu bayan la'asar, don cikin lungun ko tunani sai ya bi gefe-gefe. Na yi sallama na shiga, sai ga abin da na zo nema a tsakar gida. Wata tsohuwa zaune kan 'yar kujera, ta ɗaure zani a ƙirji, gabanta baho yana tururi. A gefe ga kaskon gawayi na busarwa, ga kwanon farar ƙasa an riga an kwaɓa. Haidar na kan cinyarta tsirara, fararen ƙafafunsa na lilo a kan ruwan.

Gaisuwar da aka aiko ni in yi ta tsere. Na daka tsalle na tsallake turmi, akuya da wata yarinya, na riƙe ƙafafun.

“Goggo, don Allah tsaya!”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. “Wannan kuma 'yar wa ce? Asma'u, mahaukaciyar unguwa ta sake shigowa?”

Asma'u ta leƙo daga ɗaki ta ce a hankali, “Daga asibiti take, Goggo.” Ashe kakar Asma'u ce, Goggo Laure.

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, amma ban saki ƙafar ba. Na fara zuba bayani irin na Sista, har da ɗaga yatsa.

“Rufe mini baki,” ta ce. “Uwar uwarki ma ban sani ba ko ni na wanke ta. Rabin Ƙofar Dumi ta hannuna suka bi. Jaririn da bai sha wanka da gashi a jego ba, har ya tsufa ƙarni yake yi. So kike angona ya girma yana wari, 'yan mata na toshe hanci?”

“Goggo, ai ruwan na lalata simintin.”

“Shi ya sa nake gyara muku. Aikinku ba shi da ƙwari, ruwa kaɗan ya narke. Na taɓa zuwa na ce ku biya ni?”

Nan na gane abin da ke faruwa. Ba wanda ya taɓa gaya mata komai. Asma'u ba za ta iya buɗe baki ta yi wa kakarta gyara a kan ɗan fari ba ko da sama za ta faɗo. Mu muna ta yi wa mai kunya wa'azi, mai baho kuwa tana gida tana ganin taimakonmu take yi.

Na sauke yatsana na zauna a ƙasa. Na ce, “Goggo, wannan angon naki, idan ya girma fes yana ƙamshi, da wace ƙafa zai je ya yi miki cefane?”

Ta dubi ƙafafun yaron. Na gaya mata abin da likita ya ce, ba ƙari ba ragi, wanda a wajena babban jihadi ne. Na nuna mata yatsun, na ce muddin ana ganinsu a waje da ɗumi, lafiya. Idan sun shige ciki, ƙafar na shan matsa. Ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

“To wankan fa?” ta ce, muryarta ta sauka. “Ba zan bar shi ba.”

Sai dabara ta faɗo mini. Duk Talata idan mun cire tsohon siminti, akwai ɗan lokaci kafin a sa sabo, ƙafar na sake. Na ce ta zo ta yi masa wankanta cikakke a wannan tsakanin. Sauran ranaku kuma a shimfiɗa shi a cinya a goge shi da tsumma mai ɗumi daga ƙugu zuwa sama, baho na can nesa.

“Sau ɗaya a mako? Sai ka ce ɗan kaza?”

“Amma wankan asibiti, Goggo. A gaban likita. Kowa ya ga yadda ake yi.”

Ta ɗan gyara ɗaurin zani. Na san na kama ta.

Washegari na gaya wa Sista cewa na yi alkawari da sunanta. Ta dube ni kamar za ta naɗe ni da bandeji har wuya, sannan ta yi dariya ta ce ai dama wanke ƙafa a tsakanin yana da kyau, sai dai ruwan kada ya yi zafin gaske, kuma a tsane fatar sosai.

Ranar Talata keke biyu suka tsaya a ƙofar asibiti. Ɗaya Asma'u da Haidar, ɗaya Goggo da kayan yaƙinta: baho, filas-filas na ruwan zafi, sabulun salo, man kaɗanya da 'yar kujerarta. Mai gadi ya ɗauka tarewa aka zo yi. Sista ta ƙwanƙwasa simintin, ya amsa ƙwas-ƙwas. Muka cire, fata lafiya lau, ƙafar kuma a karon farko ta tsaya inda aka bar ta.

Sista ta tsoma gwiwar hannu a bahon ta ce a surka. Aka yi ciniki kamar a kasuwar shanu, Goggo na cewa wannan ai ruwan sha ne, har aka daidaita. Ta yi wankanta tana yi masa kirari, matan da ke layi suka zagaye ta suna kallo. Da ta gama, Sista ta kama hannunta ta ɗora a bayan dunduniyar yaron.

“Mama, ji wannan jijiyar. Kin ji ta kamar igiya? Ita za mu sassauta a ƙarshe.”

“Na ji ta,” in ji Goggo. “Tun ran suna na ji ta, na ɗauka gashi zai sake ta.”

Daga ranar ba mu sake ganin siminti mai laushi daga gidan ba. Goggo ta koma dogarinmu. Takan bi layi tana ƙwanƙwasa ƙafafun 'ya'yan mutane tana cewa, “Ke, wa ya jiƙa wannan?” Da makonni suka cika likita ya sa maganin kashe zafi ya ɗan tsaga jijiyar dunduniyar, tsagar da ba ta kai ta wanzami ba, aka sa simintin ƙarshe. Bayan shi sai takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, dare da rana na 'yan watanni, daga nan sai lokacin barci kawai har ya yi wayo. A nan iyaye da yawa ke gajiya, ƙafa ta koma. Haidar kam bai samu wannan damar ba. An ce ko mahaifinsa ya kai hannu zai kwance masa don tausayi, sai ya ji muciya.

Watan da ya wuce suka zo dubawa. Goggo ta sauke shi a bakin ƙofar ɗakin ɗori ta ce kowa ya matsa. Yaron ya tsaya yana rangaji, tafin ƙafa biyu shimfiɗe a ƙasa, dunduniya na taɓa daɓe. Ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga ɗayar, ya taho kamar ɗan maye ya nufi Sista ya rungume gwiwarta. Na rangaɗa guɗar da ta sa masu jiran allura a can ƙarshen gini suka miƙe tsaye. Ina cikin haka sai na ji wata murya a bayana ta ce, “Haidar, zo nan.” Asma'u ce. Ta rufe baki da sauri, amma mun riga mun ji, kuma yaron ya juya ya tafi wajenta da ƙafarsa.

Don haka idan an kawo muku jariri, ku koyi naɗin bandeji, ku koyi duba yatsu, duk suna da muhimmanci. Amma kafin ku jiƙa komai, ku dubi wadda ta kawo shi ku tambaye ta wa ke yi masa wanka a gida. Duk wadda aka ambata, ku ce a zo da ita. Mu awa guda muke da yaro a mako, sauran kwanakin duk a hannunta ƙafar take.