Baƙon da Ya Zo Sayen Injin Jirgin Ruwa

Lado yana zaune a shagon Ishaya bakanike a Ƙofar Ƙaura, yana jiran a duba masa janareto, amma idonsa yana kan wani baƙo. Dogo ne siriri, rana ta ƙone masa wuya, ƙafar wandonsa a naɗe kamar yanzu zai shiga ruwa. Injin jirgin ruwa ya zo saye, a garin da ko kwale-kwale ba a gani.

Inji biyu ke jingine a bango. Baƙon ko kallon babban bai yi ba. Guntun kara ya zo da shi, yana gwada shi a jikin ƙaramin har zuwa farfela.

"Tsawon bayan jirgina ke nan," in ji shi. "Ƙaramin ya ishe ni. Iska ke tura ni, sai ranar da ta ƙi nake neman inji."

Jirgina! Maganar ta tsaya wa Lado a rai. Mutumin nan fa sa'ansa ne. Ƙila a dam ɗin Jibiya yake wuni, iska tana kaɗa masa riga, shi kuwa Lado yana ofis yana fifita da kwali.

Aka tsoma injin a duron ruwa. Baƙon ya ja igiya, ruwa ya hau tafasa. Yana riƙe da hannun injin, yana murmushi kamar ya hango gaɓa.

"Malam Lado, miƙo naka," in ji Ishaya.

Lado ya dubi janaretonsa, da sarƙar da yake ɗaure shi da ita a gida.

"Sallame shi tukuna. Janaretona ina za shi?"