Ranar Da Yaya Sale Ya Sa Hannu A Aljihu

Da azumin nan da ya wuce Yaya Sale ya cika shekara goma sha shida a ƙasa. Shi ne babba a ɗakinmu, kuma kurma aka haife shi. Bai taɓa jin kiran sallah ba, bai taɓa furta sunana ba, amma wallahi ban taɓa zama da mai surutu irinsa ba. Da hannu yake yi.

Ba a makaranta ya koya ba. Shi da Innarmu suka ƙaga maganar a tsakar gidanmu a Daura, mu ƙannensa biyu, ni da Hamisu, muka tashi muka tarar da ita. Kowa da sunansa a hannun Yaya. Idan zai ambace ni sai ya ja yatsa daga ido zuwa kumatu, wai na cika kuka. Hamisu kuwa kafaɗarsa yake dafawa, don a nan ya yi ta saɓa shi zuwa gona. Da yatsun nan yake tsokana, yake gulma, yake faɗa maka ko hadarin nan zai zubar ko iska ce kawai. Da Inna ta rasu mu biyu muka rage masu jin sa, ni kuma aure ya kai ni Zango.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a murna muka yi, muka ce yau mai rauni ya samu gata. Ba a yi shekara biyu ba Hamisu ya kai Yaya gaban alƙali, ya ce wa Yaya takarda za a rubuta don kada wani ya taɓa gonar da ya gada a wajen Baure. Alƙali ba shi da laifi. Ya tambaya wa ke jin maganar bawan Allahn nan, aka ce ƙanensa. Yaya ya bugi ƙirji, ya nuna ƙasa, ya yi alamar shuka, wato tawa ce, ni ke noma ta. Hamisu ya juya ya ce wa alƙali wai Yaya ya ba shi ita kyauta har cikin zuciyarsa. Yaya yana murmushi ya dangwala yatsa a takardar. Wani maƙwabcinmu da ya je shaida ne ya kwaikwaya mini abin da ya gani, bai ma san abin da yake faɗa mini ba.

Da ruwan shuka ya sauka Yaya ya tafi da irinsa, ya tarar da baƙi a ciki. Hamisu ya sayar. Na rantse sai mun koma kotu, sai Yaya ya kama wuyan hannuna ya girgiza kai. Ba zai tsaya a ƙaryata Hamisu a gaban mutane ba. Daga ranar ya zura hannuwansa a aljihu. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, yana cin abinci, yana zuwa masallaci, bai sake ba ni labari ba. 

Yanzu nakan ga kurame suna hira ta hoton waya, ga kuma mai tafinta a kusurwar talabijin lokacin labarai. Da Yaya ya gani, na san da ya ce mutumin ya cika gaggawa. Sai dai tasu daban ce. Tamu babu ita a littafi ko a waya, tana hannuna ne da hannun Hamisu kawai. Nakan kama kaina ina yin ta ni kaɗai wajen girki, don babu wanda zan yi da shi sai wanda ya ci amanarta.

Da ƙaramar sallar nan Hamisu ya zo gaishe ni da 'ya'yansa, duk ya tsufa. Ana cikin hira ya ɗan ɗaga hannu a kan gwiwarsa, yadda ba wanda zai lura, ya tambaye ni ko Yaya ya yafe masa kafin ya cika. Ni ce a kansa ranar, don haka na san amsar. Na haɗa hannuwana a cinya, na danne su.

Na ce, "Ka tambaye ni da baki, Hamisu, yaranka su ji."

Ya sunkuyar da kai. Har suka yi sallama bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.