Mai Tikiti Ya Juya Allonsa

Tun da ta gama jami'a take yawon neman aiki. Yau ga ta a kan benci a wani ɗan ofishin sayar da tikitin jirgi, tana jiran mai wurin ya duba takardunta. Dattijo ne siriri, rigarsa ta sha guga har wuyanta yana sheƙi. A bayansa akwai taswirar duniya da rana ta cinye launinta.

Wani mai ƙaton agogo yana tsaye a kansa. Dattijon yana ta lalube a kwamfuta, yana haɗa masa hanya mafi araha: inda zai canja jirgi, da yadda zai kauce wa kwana a filin jirgi. Da ya gama sai ya juya masa allon, kamar mai nuna ɗansa.

Mutumin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto.

"Baba, Allah ya saka. Bari in yi shawara da uwargida."

"A gaishe ta. Ka ce mata farashin ba ya kwana."

Ita kam ta san shawarar. A mota zai zauna ya saya da wayarsa, ko sisi ba zai shigo nan ba. Da alama dattijon ma ya sani. Wataƙila ya buɗe wurin ne lokacin da ba mai tafiya sai ta hannunsa, har yau kuma kunya ta hana shi cewa bincike ma aiki ne, a biya.

Da mutumin ya fita, dattijon ya miƙa hannu ya kashe fanka, sannan ya dube ta.

"'Yata, in kin sami inda ake ɗauka, tambayo min ko suna karɓar tsofaffi."