Iccen da Na Ƙi Sokawa

A hannun kawuna na tashi, shi ya kai ni koyon aikin lantarki a Dutsin-Ma. Don haka da ya kira ni ran kasuwar Kurfi ya ce injin casar shinkafarsa ya tsaya, ban tsaya shan koko ba, na hau babur.

Na tarar da buhuna jibge, mata sun cika rumfa, ana ta tsaki. Injin yakan tashi, ya yi gurnani, sai akwatin wutarsa ya kashe shi. Na ɗora mitar gwajin wuta. Cikin layukan wuta uku da ke shigowa, ɗaya ya raunana tun daga turken wuta. Akwatin bai yi laifin komai ba, aikinsa ke nan: in wuta ta gurgunce ya yanke ta kafin koyil, wato naɗin wayar cikin injin, ya ƙone.

A wajenmu akwai maganin da kowa ya sani. Sai a fere guntun icce a soka a makunnin cikin akwatin, a danne shi, ya yi aiki ko yana so ko ba ya so. Kawu ya riga ya fere nasa. Ya miƙo mini.

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri wuta ta daidaita. Wannan iccen ƙona injin zai yi."

Ya ce, "Kai ɗan nan, mi ka sani? Tun kana tsumma nike sokawa."

Na ce ba da hannuna ba. Raina ya ɓaci, nasa ya fi nawa ɓaci, don a gaban mutane ne. Ya ce in na tafi ban soka ba, kada in sake taka masa masana'anta. Na naɗe wayoyina a tsanake, na durƙusa na yi masa sallama, na tafi.

Shi ya soka da kansa. Injin kuwa bai ƙone ba, kan la'asar wuta ta dawo daidai, ya cashe shinkafarsa kaf. Har yau yana aiki, kuma duk Sallah sai an ba da labarin a gabana ana dariya. Wani mai gyaran Kawu yake kira yanzu, kuma abin yana ci mini rai.

Su yi ta dariya. Sa'a ya ci, ba gaskiya ba. Gobe ma ya miƙo mini iccen nan, zan durƙusa in gaishe shi, in bar masa abinsa a hannu.