Littafin da Kaka Take Buɗewa ta Baya

Duk wanda ya san ni a Kubwa ya san ba na ba da labari ban zuba masa gishiri ba. In na ce na ga ɓera a tasha, kafin motarmu ta shiga gari ya zama ɗan maraƙi. To wannan dai ban ƙara masa komai ba. Da ma ragewa zan iya.

A Tungan Maje na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. 'Yar Gbagyi ce, manomiya, kuma a Hausarta babu mace babu namiji, kowa "shi" ne, har kazar da ke kwance kan ƙwai. Littafi ɗaya ne a gidan. Babana, da yake leburanci a gine-ginen birni, shi ya tsinto shi a bolar gidan ogansa, ba bango, gefe ya naɗe. Amma zanen! Ja kamar manja, shuɗin sama irin wanda na rantse an daina yin sa, kana ganin sawun burushin mai zanen. Bishiya ce da wata tsohuwa mai jan kallabi da tsuntsaye shida, kowanne da fuskarsa. Akwai mai karkataccen tukku, akwai wani ƙato da reshe ke lanƙwashewa a ƙarƙashinsa.

Da an idar da magariba sai ta jera doya a bakin murhu, ta goge hannu a zani, ta ɗauko littafin. Ba ta yi boko ba. Littafin da ta saba gani ana buɗewa shi ne Alƙur'anin marigayi kakanmu, saboda haka wannan ma ta dama take buɗe shi, daga shafin ƙarshe.

"Ga shi nan, ga shi nanku."

Ni da yaran maƙwabta mu ce, "Ya zo mu ji shi!"

Wai wata tsohuwa ce da bishiyarta, ko tsuntsu ɗaya babu. Mutane suka ce ta sare ta yi itace. Ta ce a'a, kowane reshe da mai shi. Kullum sai ta watsa dawa ta yi kira. Sai Kaka ta juya shafi, ga tsuntsu ɗaya ya sauka. "Audu ke nan. Shi ce mota ne ya lalace." Ta sake juyawa, ga biyu. "Ladi ya zo, ruwa ne ya cinye hanya." Haka har shida, kowa da uzurinsa, tsohuwa kuma ba ta yi wa kowa faɗa. Ƙaton nan shi ne Tanko, kullum shi ne na ƙarshe don ya tsaya cin ƙosai. Tanko sunan babana ne. Sunayen duka na 'ya'yanta ne shida da neman abinci ya watsa. In bishiya ta cika sai ta rufe littafin ta ce, "Kowa ya dawo. A rufe ƙofa."

Sai na shiga aji uku. Turancin da na koya bai cika cokalin shayi ba, amma kaina ya kumbura har da ƙyar yake wuce ƙofar ɗaki. Wata rana tana tsakiyar kiran Ladi na fizge littafin.

"Kaka, a juye kike karantawa! Nan ne farko."

Na buɗe ta hagu, na bi rubutun da yatsa ina fassarawa da ƙarfi don yara su ji. Tsuntsaye shida, ɗaya ya tashi, saura biyar. Ɗaya ya tashi, saura huɗu. "Ba ma labari ba ne, lissafi ne, ɗebewa ake koyarwa. Tafiya suke yi, ba dawowa ba!" Na kai ta har shafin da bishiya ta zama fayau.

Kaka ta kafa wa tsohuwar da ke cikin zanen ido.

"To me shi yi musu?"

"Ba a rubuta ba."

"Angona ya yi ilimi," in ji ta. Ranar doya ta ƙone. Littafin ya shige ƙarƙashin katifa, bai sake fitowa ba.

Ni ma na girma na tashi. Daga Kubwa zuwa Tungan Maje ba wata tafiya ba ce, amma na mai da ita kamar tsallake teku. Sai da ciwo ya kwantar da ita na je na zaro littafin, na ɗora mata a cinya ta baya, yadda take so.

"Kaka, ga angonki ya zo da tumbinsa, a ba shi labari."

Ta yi dariya har da tari. Ta shafa shafin, ta tura mini abina.

"Kai ne ka karanta daidai, angona. Na ƙirga. Tafiya ne."

Na ɗauki littafin na rufe.

Ranar da muka kai ta makwancinta su shidan duka suka zo, har Tanko mai zuwa a ƙarshe. Kowa da uzurinsa. Na tsaya a tsakar gida ina kallonsu, na tuna duk littafin nan babu shafin da bishiya ta cika ba tare da tsohuwa ba.

Na yi shekaru ina cewa ai gaskiya na faɗa mata. Gaskiya ce. Sai dai ita ma ta san sun tafi, tun kafin in san harafi ɗaya. Abin da take yi kowace magariba kira ne, ni kuma na tsaya gaban yara na ce mata ba a amsawa.

Littafin yana wurina, har yanzu yana ƙamshin hayaƙi. Kwanan baya na buɗe wa autata, wadda ta ci sunan Kaka. Ban kai ga Audu ba ta dafe shafin.

"Dadi, a juye ka riƙe fa. Nan ne farko."

Na ce, "Na sani, Kaka. Zauna dai, yanzu za su fara dawowa."