Shekarar da Na Harbe Babban Biri

Na zo Iku da ƙafa ɗaya da rabi. Daga saman gini na faɗo a Abuja, inda nake leburanci, ƙafar ta karye, ƙashin ya haɗe a karkace. Babu mai ɗaukar gurgu aiki. Ina da mata da 'ya'ya biyu, muna haya a ɗaki guda. Wani tsoho Bagwari ya ara mini gona a bakin kurmi, na shuka masara. Abincinmu na shekara ke nan, babu wani a bayansa.

Ni mutumin arewa ne, inda kake hango mai zuwa tun yana nesa. Nan ƙasar duwatsu ce da rafuka, damina ba ta saurin tafiya. Kurmin ya bi bakin rafi, da duhu a cikinsa ko da rana tsaka. In ka hau tudu kana ganin Dutsen Zuma. A cikin kurmin birai suke, masu baƙar fuska da doguwar jela. Shekarun nan masu gina gidajen haya suna ta cin kurmin ta gefen gari, birai kuma suna matsowa wajenmu.

Da masara ta yi goyo suka fara zuwa. Na zauna gadi har na san halinsu. Da hantsi suke fitowa, sau ɗaya a yini. Babban namijin ba ya shiga gona. Kan ɗorawa yake hawa yana dubawa. Kukan da yake yi in ya ga kare daban, na shaho daban, na mutum daban. Sun san fartanya, sun san bindiga. In matata ta kore su, sai su ɗan matsa su ci gaba da ci. Uwa takan gudu da ɗanta manne a ciki, kumatu cike, masara a hammata.

Tsohon ya ce in bar musu layin da ke bakin kurmi, haka yake yi tun yana saurayi. In yi ihu, in yi jifa, amma kada in taɓa babban. Na ce masa shi rumbunsa cike yake, ni ba ni da masarar kyauta.

"Bahaushe, wancan na sama shi ke kawo su, shi ke mayar da su," in ji shi.

"To in babu shi, babu mai kawo su, Baba."

Ya yi dariya, ya ce shi dā ya ɗauka ƙafar ce kaɗai ta karye.

Na ari bindiga wurin wani maharbi, na ɓoye ta cikin damin ciyawa, na shiga gona kamar kullum. Harbi ɗaya na yi wa babban. Bai faɗo nan take ba, ya riƙe reshe da hannu guda, sannan ya saki. Na je na duba. Tafin hannunsa duk kanta, irin na manomi. Maharbin ya ɗauki naman.

Kwana uku ban ga ko jela ba. Na ce wa matata an gama.

A rana ta huɗu suka dawo, amma ba tare ba. Biyu ta gabas, uku ta bakin rafi, wasu da safe, wasu da la'asar. Babu mai yi musu gadi, kowa a tsorace yake. Ya karya, ya gatsa, ya yar, ya sake karya wata. Dā sai sun ƙoshi suke tafiya, yanzu ɓarnar ta fi cin yawa. In na ɗingisa zuwa wannan kusurwa, suna can wancan. Matata ta bar wankau ta zo taya ni, duk da haka ba mu iya ba. Na cire masarar ba ta gama bushewa ba, ko rabi ban samu ba.

Tsohon ya zo ya tsaya kan karan da aka karya. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya ce su ma an rushe musu gida, ga shi na kashe musu mai gida. Washegari matarsa ta kawo mana doya a kafaɗa, ta ajiye bakin ƙofa.

Masarar ta ƙare tun rani bai yi nisa ba. Na sauka rafi da ƙafar nan, ina loda wa tifa yashi, har ruwa ya sake sauka.